NEMAN SABABBIN MAGUNGUNA: MURA, CIWON HUHU DA SANKARAR NONO

Jama'a, duk ƙwayar maganin da likita ya rubuta wa majiyyaci tana da tarihi mai tsawo, amma mai shan ta ba safai yakan sani ba. Kafin magani ya iso kantin asibiti, masana sukan shafe shekara 10 zuwa 15 suna aiki a kansa, kuma cikin magunguna 10 da suka kai matsayin a gwada su a jikin ɗan Adam, kusan 9 ba su kai labari. Wannan jawabi zai bayyana yadda ake wannan aiki a fannoni biyu da suka shafi kusan kowane gida a Nijeriya, watau cututtukan numfashi waɗanda ƙwayar bairos ke haddasawa, da kuma sankarar nono, wadda ake kira ciwon dajin nono ko dajin mama. Abin da ake so shi ne mai sauraro ya iya rarrabe maganin da aka tabbatar da wanda ake talla kawai, domin wannan sani yakan zama dalilin tsirar rai.

Matakan da magani yake bi

Da fari masana sukan nemi lagon cutar, watau wani sashe nata wanda in aka toshe shi ba za ta iya ci gaba ba. Sa'an nan su shiga neman sinadarin da zai toshe wannan sashe, ko daga tsirrai, ko daga abin da suka harhaɗa da kansu a ɗakin gwaje-gwaje. Wanda ya nuna alamar amfani sai a gwada shi a kan dabbobi, galibi ɓeraye, don a ga ko yana da dafi.

Bayan haka ne ake zuwa ga mutane, kuma a mataki uku. A mataki na farko ana ba mutane kaɗan, waɗansu gommai, don a san adadin da jiki zai iya ɗauka. A na biyu ana ba ɗaruruwan masu fama da cutar, a ga ko yana aiki. A na uku ana raba dubban majiyyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba kashi ɗaya sabon magani, ɗaya kashin kuwa a ba shi maganin da aka saba, daga baya a ƙidaya waɗanda suka warke da waɗanda suka rasu a kowane kashi. Dalilin wannan rabo a fili yake. Mai mura yakan warke da kansa cikin mako guda ko biyu, ko ya sha magani ko bai sha ba. Saboda haka in mutum ya sha wani jiƙo ya tashi garau, wannan kaɗai bai isa shaida ba, sai an gwama shi da wanda bai sha ba. In an kammala, hukumar ƙasa ce take duba sakamakon ta ba da izini. A Nijeriya wannan aiki yana hannun hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993.

Abin da ya sa bairos yake da wuyar magani

Ƙwayoyin cuta iri-iri ne. Bakteriya halitta ce mai cin gashin kanta, tana da bango da kayan aikinta, don haka magani irin su fenisilin yakan rushe bangon ya bar jikin mutum lafiya. Bairos kuwa ya fi bakteriya ƙanƙanta ƙwarai, kuma ba ya iya hayayyafa sai ya kutsa cikin ƙwayoyin halittar mutum ya ari kayan aikinsu. Mai neman kashe shi tamkar mai neman ɓarawon da ya ɓuya cikin ɗakin maigida ne, tilas ya yi hattara kada ya rushe ɗakin. Wannan ne ya sa magungunan kashe bakteriya ba su da wani tasiri a kan mura. Mai sayen su a kemis duk lokacin da majina ta kama shi asarar kuɗi yake yi, daɗin daɗawa yana koya wa bakteriyar jikinsa jure wa magani.

Duniya ta ɗanɗana ɗacin wannan rashin magani a 1918, sa'ad da annobar mura ta hallaka mutane kimanin miliyan 50. Ta shigo Nijeriya ta tashar jirgin ruwan Legas a watan Satumba na wannan shekara, ta bi hanyoyin jirgin ƙasa da na kogi har Arewa, inda tsofaffi suka riƙa kiranta marisuwa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa wajen mutum rabin miliyan ne suka rasu a ƙasar nan. A lokacin ba wanda ya san ainihin abin da ke kawo ta. Sai a 1933 ne Wilson Smith da Christopher Andrewes da Patrick Laidlaw suka tsamo bairos ɗin mura daga jikin mutum a birnin Landan.

Maganin farko, amantadin, ya sami izini a Amurka a 1966, amma da tafiya ta yi nisa sai bairos ɗin ya sauya kama ya daina jin sa, har likitoci suka bar ba da shi don mura. Babban ci gaba ya zo ne daga Ostareliya. A 1983 Peter Colman da abokan aikinsa suka gano siffar wani furotin da ke bayan bairos ɗin, wanda yake aiki kamar almakashi: shi ne yake yanke igiyar da ta ɗaure sababbin 'ya'yan bairos a jikin ƙwayar halittar da suka fito, su sami damar bazuwa. Da aka ga siffar almakashin, sai aka ƙera sinadarin da zai cushe bakinsa daidai wa daida. Daga nan aka sami zanamibir da oseltamibir, wanda aka fi sani da Tamiflu, dukansu a 1999. A farkon lamari ana samo tushen Tamiflu ne daga wani ɗan itace mai siffar tauraro da mutanen Sin ke sa wa a girki. Waɗannan magunguna sun fi amfani in an fara shan su cikin awa 48 da soma ciwo, kafin bairos ya gama yaɗuwa.

Darasin korona

Cutar korona ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019, kuma an tabbatar da mutum na farko da ya shigo da ita Nijeriya a Legas ran 27 ga Fabrairu 2020. Cikin 'yan kwanaki masanan Nijeriya, a cibiyar da Farfesa Christian Happi yake jagoranta a Jami'ar Redeemer's da ke Ede ta Jihar Osun, tare da Cibiyar Binciken Likitanci ta Nijeriya da ke Yaba, suka karanta tsarin gadon bairos ɗin. Su ne na farko da suka yi haka a nahiyar Afirka.

A watannin farko jita-jita ta yi yawa cewa kulorokwin yana maganin cutar. Mutane suka yi ta rububin sayensa, har a watan Maris 2020 hukumomin lafiya na Legas suka ba da sanarwar an kwantar da waɗansu saboda sun sha fiye da ƙima. A Ingila kuwa Jami'ar Oksfod ta shirya babban gwaji a asibitoci masu yawa, aka raba dubban majiyyata ta hanyar ƙuri'a. A watan Yuni 2020 gwajin ya nuna abu biyu. Na ɗaya, haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin, bai rage mutuwa ba ko kaɗan. Na biyu, wani tsohon magani mai araha, deksametason, ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku a tsakanin waɗanda ke kan na'urar taimakon numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar a tsakanin waɗanda ake ba iskar oksijin. Amma bai amfani masu ɗan ƙaramin ciwo ba, saboda haka ba abin sha ba ne a gida ba da umarnin likita ba. A ƙarshen 2021 aka ba da izinin Paxlovid, ƙwayar da aka ƙera musamman don toshe wani furotin da bairos ɗin korona yake buƙata wajen hayayyafa.

A wannan shekara ta 2020 ne ƙasar Madagaska ta rarraba wani jiƙo na ganye tana cewa yana warkar da korona. Gwamnatin Tarayya ta karɓa, ta miƙa wa Cibiyar Binciken Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa da ke Abuja, ita kuwa ta bincika ta ce ba ta sami shaidar yana warkar da cutar ba. Wannan ba raini ba ne ga maganin gargajiya, domin cibiyar nan ita ce ta fitar da Niprisan, maganin amosanin jini, daga haɗin wani mai maganin gargajiya. Ma'auni ɗaya ake ɗora kowane magani a kai, na Bature ne ko na gida.

Bairos mai kashe jarirai

Akwai wani bairos da jama'a ba su san sunansa sosai ba, likitoci suna kiransa RSV. Ga babba mura ce kawai, amma ga jariri yakan toshe ƙananan hanyoyin iska na huhu, a ga yaro yana numfashi da sauri, haƙarƙarinsa yana lotsawa. A ƙididdigar 2019 ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin 100,000 a duniya, kusan dukansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. An gano shi tun 1956, amma rigakafin farko da aka gwada a Amurka a shekarun 1960 ya ƙara wa yara ciwo, biyu suka rasu, abin da ya sa aikin ya yi tafiyar hawainiya shekaru da dama. A 2013 Jason McLellan da Barney Graham da abokan aikinsu suka gano cewa furotin ɗin da bairos yake huda ƙwayar halitta da shi yana da siffa biyu, ta kafin huda da ta bayan huda, kuma ta farkon ce ya kamata a nuna wa garkuwar jiki. A 2023 aka sami rigakafi na tsofaffi da na mata masu ciki, wanda ke kare jariri tun daga haihuwa. Daga gano bairos ɗin zuwa samun rigakafinsa shekara 67 ke nan.

Sankarar nono

Bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2022 an sami mata miliyan 2.3 da sankarar nono, kimanin 670,000 kuma suka rasu. A Nijeriya ita ce sankarar da ta fi kama mata, an ƙiyasta sababbin masu ita fiye da 30,000 a wannan shekara. Sankara ba ƙwayar cuta ce daga waje ba. Ƙwayoyin halittar jikin mutum ne da kansu suke ɓata tsari, su yi ta rarrabuwa ba tsayawa, su taru su zama ƙullutu, daga baya su bi jini su yi sansani a ƙashi, ko hanta, ko huhu. Ba a ɗaukar ta ta hanyar cuɗanya, ba kuma sammu ko jifa ke kawo ta ba.

A 1896 wani likitan fiɗa a birnin Gilasgo, George Beatson, ya ba da rahoton cewa ya cire wa wata mata mai sankarar nono jakunkunan ƙwai, sai ga ciwon ya ja da baya. Daga baya aka gane cewa jakar ƙwai tana fitar da wani sinadari, isturojin, wanda waɗansu ire-iren sankarar nono suke rayuwa da shi. A 1958 Elwood Jensen na Jami'ar Shikago ya nuna cewa akwai wata kafa a cikin ƙwayar halitta wadda sinadarin yake shiga, kamar mabuɗi cikin kwado. A 1962 wata masaniya mai suna Dora Richardson ta harhaɗa wani sinadari a kamfanin ICI na Ingila da nufin ya zama maganin hana ɗaukar ciki. Ya yi aiki a kan ɓeraye, amma a jikin mata sai ya yi akasin haka. Saura kaɗan a jefar da shi, sai aka lura yana shiga kwadon isturojin ya tsaya, ya hana mabuɗi na ainihi shiga. Aka gwada shi a Asibitin Christie da ke Manchesta, Ingila ta ba shi izini a 1973. Shi ne tamoksifen. In mace mai irin sankarar da ke jin isturojin ta sha shi shekara 5 bayan fiɗa, yakan rage haɗarin mutuwa daga cutar da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Magani na biyu daga daji ya fito. A 1962 wani masanin tsirrai, Arthur Barclay, ya ɓamɓaro ɓawon wani itace a dazukan arewa maso yammacin Amurka, cikin wani shiri na gwamnati na gwada dubban tsirrai. Monroe Wall da Mansukh Wani suka tace sinadarin da ke ciki, suka bayyana siffarsa a 1971. A 1979 Susan Horwitz ta gano yadda yake aiki: yana daskarar da zaruruwan da ƙwayar halitta take jan kanta da su in za ta rabu biyu. Ba a ba shi izini ba sai 1992, sa'an nan a 1994 aka yarda da shi don sankarar nono. Sunansa fakilitaksel, yana cikin magungunan da ake ƙara wa majiyyata ta jijiya. Lalle akwai magani a cikin itatuwa, amma shekara 30 aka yi kafin a san wane sinadari ne, da adadin da yake warkarwa, da adadin da yake kisa.

Na uku ya fito daga binciken Dennis Slamon na Jami'ar Kalifoniya, wanda a 1987 ya nuna cewa waɗansu sankarori suna ɗauke da wani furotin mai suna HER2 fiye da ƙima, kuma su ne masu saurin yaɗuwa. Kimanin mace 1 cikin 5 masu cutar irin wannan gare su. Aka ƙera wata garkuwa da take manne wa furotin ɗin, tarastuzumab, wadda ake sayarwa da sunan Herceptin, aka ba ta izini a 1998. Matsalarta tsada. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kuɗinta yakan kai dala 20,000, kana ta amince da wani kwatankwacinta mai rangwamen kusan kashi 65 cikin 100.

Daga waɗannan misalai za a fahimci cewa sankarar nono ba iri ɗaya ba ce, kuma maganin da ya yi wa wata aiki ba lalle ya yi wa 'yar'uwarta ba. Shi ya sa likita yakan ɗebi ɗan tsoka daga ƙullutun ya aika a duba. Waɗansu mata sukan ƙi yarda, suna cewa in ƙarfe ya taɓa daji sai ya bazu. Wannan magana ba ta da tushe. In ba a yi wannan gwaji ba, likita ba zai san wane magani zai zaɓa ba.

Rabon Nijeriya a wannan bincike

Yawancin magungunan nan an gwada su ne a kan matan Turai da Amurka. Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi karatun likita a Jami'ar Ibadan kana ta koma Jami'ar Shikago, ta shafe shekaru tare da likitocin Ibadan suna nazarin matan ƙasar nan. Bincikensu ya nuna cewa cutar takan kama matan Afirka ta Yamma suna da ƙuruciya, kuma irin da ba ya jin tamoksifen ko tarastuzumab ya fi yawa a cikinsu in an gwada da Turawa. A wani nazari da suka buga a 2018 a kan mata fiye da 1,000 masu cutar, kimanin kashi 11 cikin 100 suna ɗauke da lahani a ƙwayoyin gado da ake kira BRCA1 da BRCA2. Wannan sani yana da amfani, domin akwai magani, olafarib, da aka yarda da shi a 2018 musamman don masu wannan lahani. Har ila yau yana nuna cewa in uwa ko 'yar'uwa ta yi cutar, wajibi ne sauran matan gidan su riƙa zuwa a duba su.

Inda cututtukan biyu suka haɗu

Likitoci sun daɗe da sanin cewa mace takan warke daga sankarar nono, amma waɗansu 'yan ƙwayoyi su maƙale a huhu ko ƙashi suna barci shekara da shekaru. A 2025 ƙungiyar masana ƙarƙashin James DeGregori na Jami'ar Kolorado ta buga wani bincike a mujallar Nature. Sun sa wa ɓeraye masu irin waɗannan ƙwayoyi bairos ɗin mura ko na korona, sai ƙwayoyin suka farka suka ninninka cikin mako biyu. Abin da ya tashe su shi ne wani sinadari mai suna IL-6, wanda jiki yake fitarwa yayin da yake yaƙi da bairos. Da suka duba bayanan asibiti na dubban mata a Amurka, sun ga cewa sankarar ta fi bayyana a huhun waɗanda suka kamu da korona. Mafi yawan wannan shaida daga ɓeraye take, kuma aikin yana matakin farko, don haka kada wadda ta warke ta firgita duk sa'ad da ta yi atishawa. Sai dai ya buɗe wa masana sabuwar ƙofa, domin tun da can akwai magungunan da ke toshe aikin IL-6. Ya kuma ƙarfafa shawarar da likitoci suka saba bayarwa, cewa mai sankara ta kiyaye kanta daga mura, ta nemi shawarar likitanta game da rigakafi.

Haƙƙin wanda aka gayyata gwaji

Ba za a manta da abin da ya auku a Kano a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, sa'ad da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara 200. Yara 11 sun rasu, aka yi zargin ba a nemi izinin iyaye yadda ya kamata ba, aka shiga kotu, har a 2009 aka daidaita da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Daga baya an tsaurara dokoki. Yanzu ba a halatta gwaji a kan ɗan Adam a Nijeriya sai kwamitin kula da ɗa'ar binciken lafiya ya amince, in kuma gwajin magani ne sai da izinin NAFDAC. Duk wanda aka gayyata yana da haƙƙin a yi masa bayani da harshen da yake ji, a faɗa masa amfani da haɗari, kuma yana iya ƙi, ko ya janye a tsakiya, ba tare da an hana shi jinya ba. In an cika waɗannan sharuɗɗa, shiga gwaji taimakon al'umma ne, domin ta haka ne kaɗai za a san yadda magani yake aiki a jikin mutanen ƙasar nan.

Abin da ya rage ga jama'a

A ƙasashe masu arziki, fiye da mata 90 cikin 100 masu sankarar nono suna nan da rai bayan shekara 5, a Afirka ta Kudu kuwa wajen 40 ne. Babban dalilin wannan rata shi ne jinkirin zuwa asibiti, domin magungunan da aka ambata sun fi ƙarfi a kan ciwon da bai bazu ba. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mace ta riƙa duba nononta kowane wata. In ta ji ƙullutu a nono ko a hamata, ko kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko fata ta canja, to ta je asibiti nan da nan, ko da ba ta jin zafi, domin sankara a farkonta ba ta faye ciwo ba. Yawancin ƙullutu ba sankara ba ne, amma gwaji ne kaɗai zai tabbatar. Magidanta suna da babban nauyi a nan, na ba da izini da kuɗin mota da rakiya. Tun 2021 Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar nono da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza a waɗansu manyan asibitocinta, sai a tambayi ofishin jin daɗin majiyyata.

Game da mura kuwa, a rufe baki yayin tari, a wanke hannu da sabulu, a nisanta jarirai da tsofaffi daga mai majina, musamman a lokacin hunturu. Jaririn da yake numfashi da ƙyar ko ya kasa kama nono, a garzaya da shi asibiti, kada a jira gari ya waye. A duba lambar NAFDAC a jikin kowane magani, a kuma guji mai tallar magani guda da yake cewa yana warkar da daji da mura da hawan jini gaba ɗaya. Wanda aka ɗora a kan magani ya cika adadin da likita ya faɗa, ko da ya ji sauƙi.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa masu bincike basira, amin.